Amsa ga mai tambayar ko waya za ta kori kwamfuta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana shirin buɗe shagon buga takardu da koyar da yara kwamfuta a ƙauyenku da ke ƙasar Ringim, kana tambaya ko babbar waya kaɗai ta wadatar, tunda ana ta cewa nan gaba waya za ta kori kwamfutar kan tebur. Irin wannan sana'ar nake yi a yankin Gumel, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Masu wannan magana suna da hujja. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wayoyi, wadda ake ƙerawa bisa tsarin kamfanin ARM na Ingila, ta yi ƙarfin da a 2020 kamfanin Apple ya fara cire ta Intel daga kwamfutocinsa yana sa M1, wadda daga tsatson ta iPhone ta fito. A shekarar ce kuma Fugaku ta Japan, da aka gina bisa tsarin ARM, ta zama kwamfutar da ta fi kowace sauri a duniya. Tun 2017 ma Samsung ya fito da DeX, wanda ke ba ka damar jona waya da babban allo.

Sai dai abin da ke yanke hukunci a wurinmu shi ne zafi da wuta. Galibi waya ba ta da fanka, saboda haka idan aka ɗora mata aiki mai nauyi ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, kuma duk wanda ya zauna a shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba a jimawa hakan ke faruwa. Kwamfutar tebur tana da fankoki da sararin fitar da zafi, shi ya sa take yini tana aiki da ƙarfinta, amma tana shan wutar da ƙaramar sola ba ta ɗauka, ga shi wutar lantarki ba ta zama a ƙauyukanmu. A ganina ƙwaƙwalwar waya ce za ta ci gaba da mamaye kasuwa saboda ƙarancin cin wutarta, amma babban allo da madannai ba inda za su je, domin ba wanda zai buga takardar yarjejeniyar filin gona da babban yatsa a kan gilashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma ina samun ɗaliban da suka ƙware a WhatsApp, hannunsu na rawa idan suka kama maus. Waya ba za ta cire musu wannan tsoron ba.

Shawarata ita ce ka sayi laftof, wadda cajarta ba ta cika wuce wat 65 ba, kuma batirinta zai riƙe ka idan hadari ya rufe rana. Wayarka ta ba ta intanet, ta kuma karɓi kuɗin kwastomomi. Idan ta hannu za ka saya a Kano, ka tabbatar tana ɗaukar manhajar Windows 11, wato mai ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama, domin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 tun Oktoban 2025, kuma ka sa mai shagon ya cire caja a gabanka ka ga tsawon lokacin da batirin zai yi kafin ka biya.