Karena Na Jan Ƙafafun Baya: Dole Sai An Yi Masa Aiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Ina da wani karen Turai, irin masu dogon jiki da gajerun ƙafafu, shekararsa 5. Ran Juma'a ya diro daga bayan mota, ya yi ƙara sau ɗaya, ya ci gaba da tafiyarsa. Washegari muka ga ya yi doro, ya ƙi hawa dakali, yana tangaɗi. Yau kwana uku ke nan, jan ƙafafun baya yake yi a ƙasa, fitsari na ɗigar masa. In na matsa ƙafar yana janyewa. Na sayo dexa da diclofenac ina ba shi. Maƙwabcina ya ce a kira mai ɗori, ƙanwata da ke Faransa kuma ta ce nasu aiki aka yi masa a baya ya warke. Yara duk sun damu. Wane ciwo ne wannan, kuma zai tashi ba tare da aiki ba?

Wani mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi sauƙi, ya kwantar wa yara da hankali. Tun kafin ka gama karanta wannan amsa, ka tsayar da magungunan nan biyu. Diclofenac da ibuprofen na mutane ne, suna yi wa kare gyambon ciki, suna lalata masa ƙoda, in kuwa aka haɗa su da dexa, wato maganin kumburin nan dexamethasone, har hanji suna iya hudawa. Idan ka ga kashinsa ya yi baƙi ƙirin ko yana amai, cikin ya fara zubar da jini ke nan. Ka gaya wa likitan dabbobi abin da ka ba shi da yawansa, don sai an bar tazarar kwanaki kafin a sa shi a kan wani maganin irinsu. Maƙwabcinka kuma ka ba shi haƙuri. Mai ɗori ya san karaya da targaɗe, amma a nan ba ƙashi ne ya goce ba balle a mayar da shi. Ja da murza ƙara ɓarna za su yi.

Abin da ka bayyana ya fi kama da fashewar faifan ƙashin baya. Gadon bayan kare jerin ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 13 a ƙirji, 7 a tsatso, 3 da suka haɗe a ƙugu, sai na wutsiya. Laka ta ratsa ta cikinsu tun daga ƙwaƙwalwa, ita ke kai umarni ga ƙafafu da mafitsara, ita kuma ke dawo da ji. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifai na guringuntsi da ke zaune kamar gammo tsakanin kai da kaya, gefensa mai tauri, cikinsa mai taushi da damshi. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Hans-Jörgen Hansen, shi ya raba ciwon gida biyu a 1952, kuma har yau da sunansa ake kiran rabon. A kashi na farko, cikin faifan ne ke bushewa ya ƙandare tun kare na ƙarami. Wata rana sai gefen ya tsage, abin da ke ciki ya yi tsartuwa sama, ya bugi laka, ya kuma zauna a kanta. Wannan shi ne ciwon karnuka masu gajerun ƙafafu irin naka, musamman wanda Faransawa ke kira tekel, da buldog na Faransa, da pekinuwa, yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma ya fi faruwa daidai inda haƙarƙari ya ƙare tsatso ya fara. A cikin tekel, kusan ɗaya cikin biyar yakan gamu da shi a rayuwarsa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi, wadda kuma tana cikin abin da ke gajarta musu ƙafafu. Saboda haka dirar nan daga mota ƙarasa faifan kawai ta yi, ya daɗe da lalacewa. Kada a ɗora wa wanda ya buɗe motar laifi.

Kashi na biyu na manyan karnuka ne da suka tsufa, faifan na kumburowa a hankali cikin watanni. Karnukanmu na gida da na farauta, masu dogayen ƙafafu irin na Azawak, ba su cika yin na farkon ba. In ɗayansu ya shanye, na fi zargin kabu-kabu ya buge shi, ko sanda, ko ciwon da ya kama ƙashi.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba don a Nijar muke: haukan kare. Yana da nau'in da ba ya sa cizo da gudu, sai shanyewa kawai. Ka duba katin rigakafinsa. In ba a yi masa allura ba, ko wani kare ya taɓa cizonsa a watannin nan, ko ka ga dalala, haɓa ta saki, murya ta canza, to kada kowa ya kai hannu bakinsa, a tsare shi a kira likita. Wanda ya ciza ko ya lasar wa rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Yanzu ga abin da amsarka ta rataya a kansa. Laka in ta matsu, abubuwa bi da bi suke tafiya. Da fari ciwo ne kawai. Sai kare ya daina sanin inda ƙafarsa take, ka kifa masa tafin ƙafa ya bar shi a kife. Sai tsayuwa ta gagara, sai motsi ya ɗauke gaba ɗaya, sai fitsari ya ƙwace masa. Abin da ke tafiya a ƙarshe shi ne jin zafi mai zurfi, na cikin ƙashin yatsa. Ka ce yana janye ƙafa in ka matsa, kuma na san wannan ya ba ka ƙwarin gwiwa, amma janyewa ba shaida ba ce. Karen da lakarsa ta tsinke biyu ma yana janyewa, domin wannan motsi a ƙasan raunin yake ƙulluwa, saƙon bai kai ƙwaƙwalwa ba. Likita zai ɗaure masa baki da ƙyalle, ya kama ƙashin yatsa da hantsaki ya matsa sosai, idonsa kuma ba a kan ƙafar yake ba, a kan fuskar karen yake. Ya waiwayo? Ya yi kuka? Ya nemi cizo? In ya yi ɗaya daga ciki, hanya na nan ba ta yanke ba. A gwada ƙafafun biyu da wutsiya. Wannan gwaji ba ya buƙatar na'ura, kowane likitan dabbobi a Maraɗi zai iya yinsa, kuma yau ya kamata a yi, a maimaita kullum a makon farko.

A 2022 ƙungiyar ƙwararrun likitocin dabbobi ta Amurka, ACVIM, ta tattara sakamakon bincike a kan wannan ciwo. Karen da har yanzu yana iya takawa, kusan 8 cikin 10 suna warkewa da hutu da magani kaɗai. Wanda ya shanye amma yana jin zafin nan, kusan 6 cikin 10 suna tashi ba aiki, da aiki kuwa sun haura 9 cikin 10. Wanda jin ya ɗauke masa, kusan 2 cikin 10 ne ke tashi ba aiki, da aiki kusan 6 cikin 10. Ka ga ke nan ƙanwarka ta faɗi gaskiya, aiki ya fi. Amma ka ga kuma rashinsa bai zama hukuncin kisa ba, matuƙar yana ji.

Shi aikin ba ɗinke laka ake yi ba, ba kuma sabon faifai ake sawa ba. Ana fara ɗaukar hoton sikana ko MRI, ko a zuba wani ruwa kewaye da laka a ɗauki hoto, don a san daidai faifan da ɓangaren da abin ya fito. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ba ya nuna laka. Sai a sa wa kare maganin barci, a tsaga fatar baya, a ture tsoka gefe, a goge ƙashi da ƙaramin inji har a buɗe ƴar taga a gefensa, a kwashe busasshen abin da ya danne lakar da siririn ƙarfe. Sau da yawa akan kwashe ragowar cikin faifan don kada ya sake fitowa. Cire nauyin kawai aka yi, bugun da lakar ta sha kuwa ita za ta warkar da kanta. Gwamma a yi shi da wuri, musamman in jin ya ɗauke, amma wucewar kwana biyu ko uku ba ta hana a yi.

Ba kowane asibitin dabbobi ke yin wannan aiki ba, sai inda ake da na'urar hoto da likitan da hannunsa ya saba. Cikin manyan asibitocin koyarwa na dabbobi da ke kusa da mu akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai kuma likitocin da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Kada ka ɗauki hanya da ka. Likitanka ya fara buga waya ya tabbatar akwai mai yin aikin da hoton, a gaya maka kuɗin tun daga hoto har jinya. In za a tsallaka iyaka sai da katin rigakafi. A hanya a kwantar da shi cikin akwati mai shimfiɗa wanda ba zai yi ta mirgina a ciki ba, a tafi da sanyin safiya.

Ko an yi aiki ko ba a yi ba, jinyar kusan ɗaya ce, kuma a nan ne akasarin karnukan da nake gani suke tsira ko su lalace. A tsare shi a keji ko ƙaramin shinge da bai wuce ya juya ya kwanta ba, kamar mita ɗaya kowane gefe, na aƙalla mako 4, in da hali 6. Ba tsakar gida ba, ba ɗaure da igiya a gindin bishiya ba. Gefen faifan da ya tsage yana bukatar wannan lokaci kafin ya haɗe. Haɗarin yana zuwa ne a mako na biyu, lokacin da ciwo ya lafa, kare ya fara kuka yana son fita, yara su ji tausayi su buɗe masa. Ka tara su ka yi musu bayani, ka ba kowa aikinsa, wani ruwa, wani shimfiɗa. Magani kuma likita ne zai rubuta bisa nauyinsa, irin su meloxicam ko carprofen na ƴan kwanaki, da gabapentin don zafin jijiya. In za a ɗaga shi, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, bayan a miƙe.

Fitsarin da ka ce yana ɗiga ya fi damuna da ƙafafun. Galibi ba fitsari yake yi ba, mafitsara ce ta cika maƙil tana ambaliya. In aka bar ta haka sai ta saki har abada, ƙwayoyin cuta su hau zuwa ƙoda. Likita ya nuna maka da hannunsa yadda ake matse ta: tafin hannu biyu a gefen mara, bayan haƙarƙari, ka laluba har ka ji ta, ka matsa a hankali ba tare da sassautawa ba har fitsarin ya zubo ya tsaya. Sau uku ko huɗu a yini. In ta ƙi, kada ka yi da ƙarfi, a kira likita ya sa roba. Fitsari mai wari, ko mai jini, ko mai kauri, alamar ciwon mafitsara ce. Ka sa safar hannu, ka ware tufafin wannan aiki daban saboda salla. Na san za a samu masu ce maka kare ne fa. Rai ne da ke hannunka, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne.

Yanayinmu ma yana da nasa sharrin. Karen da ba ya iya tashi ba ya iya bin inuwa, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na haura digiri 40. Kejin ya zauna inda rana ba ta kaiwa ko da ta juya, ruwa kusa da bakinsa. Katifa mai laushi, leda a kanta, tsohon zani a sama, a canza da zarar ya jiƙe. In ba ya juyawa da kansa a juya shi duk awa 4 zuwa 6. Kullum a duba ƙugu da cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya, a wanke a tsane, a shafa man baselin, domin fatar da fitsari ya ci ƙuda yake jira, kwana ɗaya ya isa ka tarar da tsutsa. Gidan sauro a kan keji yana maganin wannan. Sau biyu ko uku a rana ka lanƙwasa masa kowace gaɓa ka miƙe a hankali, sannan ka zura tawul ta ƙarƙashin mara ka tsayar da shi minti ɗaya ko biyu a kan yashi, tafin ƙafa a daidai. In an yi aiki, ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.

Sauƙi yana dawowa ne ta hanyar da ciwon ya bi, a juye: ji, sai kaɗa wutsiya in ka kira sunansa, sai riƙe fitsari, sai motsin ƙafa, sai tsayuwa, sai tafiya mai tangaɗi. Mai ji yakan fara takawa cikin mako 2 zuwa 4, wasu su fi haka. Wanda jin ya ɗauke masa a ba shi kamar wata 3 kafin a yanke ƙauna.

Akwai mummunan juyi guda da ya kamata ka sani. A cikin karnukan da jin ya ɗauke, fiye da ɗaya cikin goma lakar takan fara narkewa, abin ya yi ta hawa sama, yawanci cikin makon farko ko na biyu. Za ka ga ciki ya saki, zama ya gagara, ƙafafun gaba sun fara rauni, ciwo ya tsananta, numfashi na wuya. Wannan ba shi da magani, aiki ma ba ya tsayar da shi. In ya kai haka, jinƙai shi ne likita ya yi masa allurar da za ta ɗauke shi cikin barci.

In kuwa ya rayu ƙafafun ba su dawo ba, ƙaramin kare irin naka yana iya zama lafiya da keken baya. Mai walda zai haɗa shi da siririn ƙarfe da tayoyin keken yara, a naɗe wurin zaman da soso, sai dai matse mafitsara ya zame maka aikin kullum. In ya tashi, ka tuna sauran faifan ma irin wancan ne, ciwon kan dawo wa wasu. Kada a bari ya yi ƙiba, igiyarsa ta koma ta ƙirji maimakon wuya, hawa da sauka daga mota ko kujera kuma a riƙa ɗaukarsa. Ran da ka sake ganin ya yi doro ko ya ƙi hawa dakali, a mayar da shi keji nan take, a kira likita.