Me ya sa waƙoƙin rok na shekarun 1970 suke da tsawo haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A cikin kayan da marigayi kawuna ya bari na tarar da tsofaffin faya-fayan Turawa, har da na Eagles da Led Zeppelin da Queen. Da na nemo waƙoƙin a intanet sai na ga wata minti shida, wata takwas, alhali na yanzu da ƙyar suke kai uku. Ta yaya waƙa mai tsawo haka ta yi tashe a rediyo? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka. Rabin amsar tana jikin faya-fayan da ke hannunka, ka duba girmansu.

Ƙaramin, mai faɗin inci 7, kamfanin RCA Victor ne ya fito da shi a 1949, kuma kowane gefe waƙa ɗaya yake ɗauka, ta minti uku zuwa huɗu. Babban mai inci 12, wanda ake kira LP, na kamfanin Columbia ne tun 1948, gefe ɗaya yana cin fiye da minti 20. An daɗe ƙaramin ne ke riƙe da kasuwar matasa, domin shi tashoshin AM suke sawa, su kuma gajeriyar waƙa suke so don su cusa talla a tsakani. Bob Dylan ya tsallake wannan iyaka a 1965 da "Like a Rolling Stone" mai minti shida, sannan Beatles suka zo da "Hey Jude" a 1968, ta haura minti bakwai, ta kuma yi mako tara tana kan gaba a Amurka.

Sauran rabin amsar rediyon FM ne. Hukumar sadarwa ta Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 1967, cewa tashar FM a babban birni ba za ta riƙa maimaita shirye-shiryen 'yar'uwarta ta AM dukan yini ba. Masu tashoshi suka tashi da sa'o'i fanko, sai suka miƙa wa samarin masu gabatarwa, su kuwa suka riƙa ɗora babban faifai suna barinsa yana juyawa. Da makaɗa suka ga akwai mai sa doguwar waƙa, sai suka daina ƙirga mintoci.

Shi ya sa "Stairway to Heaven" ta 1971, mai minti takwas, ta cika rediyon Amurka ba tare da Led Zeppelin sun taɓa sayar da ita a ƙaramin faifai a can ba. Mai so sai ya sayi babban dungurungum. Ita ma "Hotel California" ta Eagles minti shida da rabi ce, kusan biyu na ƙarshe babu murya, jitar Don Felder da ta Joe Walsh ce kawai ke amsa wa juna, amma ta zo ta ɗaya a Amurka a 1977.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "Bohemian Rhapsody" ta Queen. Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar, haifaffen Zanzibar, ya tsara ta babu amshin da ake komawa kansa. Ta fara da muryoyi zalla, ta shiga fiyano, ta faɗa salon opera (wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa), ta ɓarke da jita mai ƙarfi, sannan ta lafa. Muryoyin nan da za ka rantse taron jama'a ne, mutum uku ne kacal, suna ɗauka suna sake ɗorawa a kan tef sau da yawa. Mintinta biyar da daƙiƙa 55, kuma 'yan kasuwar waƙa sun ce rediyo ba zai taɓa ta ba. Sai wani mai gabatarwa a Capital Radio ta Landan, Kenny Everett, ya sa ta sau 14 cikin kwana biyu. Ta fito a Oktoban 1975, ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma sake komawa can a 1991 bayan rasuwar Mercury.

Kada dai ka ɗauka duk doguwar waƙar lokacin gwaninta ce. Da yawa jan rai ne kawai, mai ganga ya yi ta duka minti goma ba gaira ba dalili. Gajiya da irin haka ce ta haifo punk, salon rok mai gajerun waƙoƙi da sauri: faifan Ramones na farko a 1976 waƙa 14 ne cikin minti 29. Makaɗan yau kuma dalilinsu daban, Spotify, dandalin sauraren waƙa a intanet, yana ƙirga an saurari waƙa da zarar ta kai daƙiƙa 30, don haka kowa gaggawar kai mai sauraro ga amshin waƙar yake yi.

Idan a cikin faya-fayan kawun naka akwai wanda bangonsa ke da hoton tsoho ya goyo damin itace, babu suna ko ɗaya a jiki, to shi ne faifai na huɗu na Led Zeppelin. "Stairway to Heaven" ita ce ta ƙarshe a gefen farko. Ka goge ƙurar da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗora allura, kuma kada ka bar su kwance a rana, zafi yana lanƙwasa su.