Amsa ga shugaban matasa kan tafiyar hidima gidan marayu a Jos

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce zumuntar matasan ikilisiyarku ta nan Damagaram tana shirin zuwa wani gidan marayu a Jos cikin babban hutu, ku kusan 25, kun fara tara tufafi da alewa da kayan wasa, kana kuma son sanin abin da ya kamata ku shirya da ko tafiyar ta cancanci kuɗin da za ta ci. Ni malamar makaranta ce, na daɗe ina raka matasanmu irin wannan hidima, kuma Jos ɗin ma mun je, saboda haka abin da zan faɗa maka yawancinsa da idona na gani.

Ra'ayina shi ne ku je, amma ku tafi da niyyar yi wa matan da ke renon yaran aiki, ba da niyyar zama iyayen yaran na mako guda ba. Wasiƙar Yaƙub, sura 1 aya 27, ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu a tsakiyar addini na gaskiya, don haka babu mai cewa niyyarku ba ta da tushe. Jos kuma ba baƙon wuri ba ne a gare mu, tun da mishan ɗin SIM da ta fara aiki a Damagaram a 1924 ita ce ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, hedikwatar ECWA kuwa a Jos take, kuma za ku tarar ana sujada da Hausa, ana rera waƙoƙin da kuka tashi da su. Abin da ke buƙatar tunani shi ne yadda za a yi hidimar ba tare da an bar wa yaran wani sabon ciwo ba.

Da farko ku san su wane ne yaran. Yawancinmu muna ɗauka cewa duk yaron da ke gidan marayu ba shi da kowa a duniya, alhali rahoton da ƙungiyar Save the Children ta fitar a 2009 ya nuna cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. A gidan da muka sauka, lalle akwai yaran da rikici ya cinye iyayensu, domin jihar Filato ta sha tashin hankali tun daga na Jos a 2001 da 2008 da 2010, ga kuma waɗanda suka gudo daga Borno da Adamawa saboda Boko Haram. Amma da muka zauna da shugabar gidan, sai ta nuna mana cewa da yawa daga cikinsu suna da uwa gwauruwa ko kaka ko kawu, kuma abin da ya kawo su shi ne rashin kuɗin makaranta da rashin abin da za a ɗora a murhu. Mun ma tarar wasu ɗakuna babu kowa, domin hutu ne, yaran sun tafi ƙauye wajen danginsu. Mu Hausawa mun san riƙo tun kaka da kakanni: idan uba ya rasu, baffa ko gwaggo ko kaka ke ɗaukar yaro, ya tashi cikin ƴan'uwansa, ya san gonar gidansu da kushewar mahaifinsa. Talauci ne ya raunana wannan al'ada, kuma ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun faɗa a fili cewa talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, sun kuma ce yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene shi. Ruwanda ta ɗauki wannan hanya tun 2012, ta shiga rufe gidajen marayu tana mayar da yara cikin iyalai.

Ban kawo wannan don in ɓata sunan masu gidajen marayu ba, domin na ga mata da suka ba da ƙuruciyarsu gaba ɗaya ga ƴaƴan da ba su haifa ba, a kan albashin da bai kai ya kawo ba. Na kawo shi ne don ku iya bambanta gidan kirki da wanda ya mayar da yara abin neman kuɗi, irin cinikin da ya sa Ostareliya ta ɗauke shi a matsayin wani nau'in bautar zamani a 2018. Kafin ku tara ko dala, ku rubuta wa gidan ta hannun fastonku da wani fasto na Jos da ya san su. Ku tambaye su ko suna da rajista da ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a ta jiha, ko suna da rubutacciyar doka ta kare yara daga baƙi, ko suna neman dangin yaran, da kuma yara nawa suka mayar gida a ƴan shekarun nan. Gidan da ya ce ku zo kawai, bai tambayi sunayenku ba, bai nemi takardar shaida daga ikilisiya ba, ya kuma yarda ku kwana ɗaki ɗaya da yara, to duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa haka zai buɗe masa, kuma ni ba zan kai matasana can ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙananan yaran ke tarbar baƙo. Kuna sauka daga mota za su rugo su rungume ku, su hau cinya, su riƙe hannu su ƙi saki, wasu ma tun ranar farko za su fara kiran ƴanmatanku mama. Matasa sukan ji daɗin wannan ƙwarai, su ɗauka alamar ƙauna ce, amma ka tuna da ƙaramin yaro a gidanku: idan baƙo ya shigo, bayan zanen uwarsa yake laɓewa, sai ya ga ta sake da mutumin kafin ya matso. Yaron da ke faɗawa jikin kowane baƙo yana nuna cewa bai sami mutum ɗaya tsayayye da zuciyarsa ta kwanta da shi ba, kuma binciken da aka fara a gidajen marayun Romaniya a shekara ta 2000 ya gano wannan hali sosai a yaran da suka tashi a irin waɗannan wurare, ya kuma nuna cewa waɗanda aka mayar cikin iyali tun suna ƙanana sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da natsuwa. Ɗaya daga cikin masu renon ta gaya mini cewa duk lokacin da wata tawaga ta zo ta yi kwanaki tana goyo da rarrashi ta tafi, su ake bari da aikin: wani yaro ya koma fitsarin kwance, wani ya ƙi abinci, wani ya yini a bakin ƙofa yana jiran motar da ba za ta dawo ba. Yaron da ya riga ya rasa uwa sau ɗaya bai kamata a sa shi ya sake ɗanɗana rabuwa kowane hutu ba. Don haka ku yi wasa da su, ku yi waƙa, ku buga ƙwallo, amma a cikin taro, mai reno tana wurin, kuma idan yaro ya faɗi yana kuka a miƙa shi ga wadda za ta kasance tare da shi bayan kun tafi. Ɗakin jarirai kuwa gara ku bar shi ga masu shi.

To wane aiki za ku yi? Wanda suka roƙa. Mu abin da aka nema a wurinmu shi ne gyaran makewayi, wanke barguna da shanya katifu, ɗinke gidajen sauro da suka yage, share magudanar ruwa, da noman ciyawa a gonar masarar gidan, tun da watan Agusta ne. Samarinmu da suka iya walda suka gyara gadaje da ƙofofi, ƴanmata suka karɓi girki da wanke-wanke na wasu kwanaki har masu renon suka sami damar zuwa asibiti da ganin nasu iyalan. Ɗan Damagaram ba ya buƙatar a koya masa darajar ruwa, don haka yaranmu ne suka lura cewa ruwan sama na zuba daga rufin kwano yana tafiya a banza, suka haɗa indararo zuwa tanki. Inda aikin ya fi ƙarfinmu, kamar gini da wutar lantarki, magini da mai gyaran wuta na unguwar aka ɗauka aka biya, matasanmu suka yi musu lebura, domin ba daidai ba ne mu hana mai sana'a abincinsa mu kuma bar katangar da za ta faɗo kan yara. Kada ku sa rai da koyar da darasi, domin su da Ingilishi suke karatu, mu da Faransanci. Lissafi da zane da waƙa ne kawai suka yi mana sauƙi.

Batun kuɗi kuwa, ku zauna da takarda ku haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da masauki, da abinci, da takardu na mutum 25, sannan ku ajiye jimillar kusa da abin da za ku bar wa gidan. Idan na hanya ya fi na hidima, ku rage yawanku zuwa takwas ko goma, waɗanda suka iya aikin da aka nema, sauran kuɗin ya shiga asusun gidan. Na san wannan zai yi wa wasu zafi, amma tawaga babba nauyi ce a kan mai masauki, kuma na ga inda tukunyar yara ta ragu saboda kunyar baƙi. Ku ci da kuɗinku, ku kwana a masaukin ikilisiya. Tufafin da kuka tara ku tace su, abin da ba za ka sa wa ƙanenka ba kada ka kai wa maraya. Hatsi da mai da sabulu kada ku saya a Kasuwar Dole ku yi ta fama da duwan a iyaka. Ku canza sefa zuwa naira, ku saya a can tare da mai sayayyar gidan, wadda ta san farashi a Farin Gada da Taminus. Alewa da kayan wasa a damƙa wa shugabar gidan ta raba a lokacin da ta ga ya dace, domin idan baƙo ne kullum mai kawo daɗi, mai reno kuma mai kawo horo, kun rage mata daraja a idon yaran.

Game da hanya, ko ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura kuka bi, ko ta Magarya da Ɓaɓura, Kano za ku fara isa, kimanin kilomita 240 daga nan, kuma shawarata ku kwana can ku kama hanyar Jos da sassafe, kada dare ya same ku a daji. An rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka buɗe ta a Maris 2024, sannan Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairu 2025, saboda haka ku je ofishin ƴan sanda ku tabbatar da takardun da ake karɓa a makon tafiyarku. Kowa ya riƙe katin shaidarsa da katin allurar rigakafin shawara, wanda bai kai shekara 18 ba kuma ya zo da izinin iyaye a rubuce, mai hatimin hukuma, ga wasiƙar gayyata daga gidan da wasiƙar fasto mai ɗauke da sunayen kowa. Ku saurari mutanen Jos kan inda za a je da inda ba za a je ba, musamman ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka kai wa hari a jajibirin Kirsimeti na 2023. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da yake samu a shekara ya ninka namu kusan sau uku, don haka rigar sanyi da bargo da gidan sauro da maganin zazzaɓi wajibi ne.

Akwai dokoki da nake sa matasa su sa wa hannu kafin mu tashi. Babu mai keɓewa da yaro a ɗaki. Babu mai tambayar yaro yadda iyayensa suka mutu, ko a sa shi ya ba da shaida a gaban taro don a yi kuka. Babu ɗaukar hoton fuskarsa a sa a Facebook ko WhatsApp tare da labarinsa, domin zai girma ya nemi aiki da aure, hoton kuwa yana nan. Babu kuma mai cewa zan dawo, ko zan biya maka makaranta, ko zan kai ka Nijar. Alkawari kaya ne, yaran nan kuwa ba sa mantuwa, kuma saurayin da ya faɗa cikin zafin tausayi yakan dawo gida jarrabawa ta sha masa kai.

Abin da zai nuna amfanin tafiyar shi ne watannin da za su biyo baya. Mu mun roƙi gidan ya nuna mana iyalan da za su iya karɓar ƴaƴansu idan an ɗauke musu kuɗin makaranta, zumuntar ta riƙa tara baiko na musamman kowane wata ana aikawa ta hannun ikilisiya, ana kuma karɓar rasit da sakamakon jarrabawa. Matasan da suka dawo ne kuma suka fara lura da gwaurayen da ke cikin ikilisiyarmu da kakannin da ke riƙon jikoki a Kara-Kara da Garin Malam, Kirista da Musulmi, waɗanda za a iya kai wa tiyar gero da littattafan makaranta kowane mako ba tare da kuɗin mota ba. Waɗanda ba su sami gurbin zuwa Jos ba su fara da wannan tun yanzu. Wasiƙar da za ku aika wa gidan kuwa ku rubuta ta da Hausa, su ma suna karantawa, kuma idan kun gama ka kawo mini bayan sujada ranar Lahadi mu duba tambayoyin tare kafin fasto ya sa hannu.