Shamuwa ta yi sheƙa a gidanmu, in hau in ɗauki hoto?

Tambaya: Shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidanmu a Gumel. Ina so in hau in ɗauki hoton ƙwan da wayata. Akwai matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka hau. Shamuwa ta saba da mutane, shi ya sa take sheƙa a tsakiyar gari, amma mutumin da ta saba da shi na ƙasa ne. Da zarar ka kama reshe za ta tashi ta bar ƙwan a fili. Ƙwai biyu ko uku take yi, ta kwanta a kansu kusan kwana 30, kuma a zafin farkon damina wannan kwanciyar inuwa ce take yi musu. Rana tana iya kashe abin da ke cikin ƙwai cikin ɗan lokaci. Ga hankaka da shirwa, su kam jiran irin wannan damar suke yi. Idan kuma 'ya'yan sun fara tasawa, tsoro kan sa su diro kafin fukafukinsu ya yi ƙwari.

Hoton ƙwai ma ba shi ne mai kyau ba. Ka fito da sassafe, ka ba rana baya, ka zauna nesa ka yi shiru. A wannan hasken za ka ga shuɗin fuskarta da jan da ke gaban idonta, launin da ke ƙara fitowa lokacin kiwon 'ya'ya. Za ka ga ta sauko da kara a baki, ko ta amayo wa 'ya'yan fara, su kuma suna ta miƙo wuya. In kana da madubin hangen nesa, ɗora idon kyamarar wayar a inda kake sa idonka, zai jawo maka ita kusa. Soron maƙwabci ma ya isa, in akwai tazara.

Ita za ta gaya maka iyakarka: in ta miƙe tsaye, ta daina abin da take yi tana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya. Kada ka sare reshe don ya tare maka gani, kada ka haska mata fitila da dare.

Kana da lokaci. 'Ya'yan kan yi kusan wata biyu kafin su tashi, sai damina ta kare sannan su kama hanyar kudancin Afirka.