Tambaya da Amsa: Tallafin Gwamnati ga Mai Sayen Gidan Farko

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara bakwai ke nan ni da maigidana muna zaman haya, kuma kusan duk shekara sai an ƙara mana kuɗi. Muna ɗan ajiye abin da ya sawwaƙa, amma kafin mu tara kuɗin kafin alƙalami da banki ke nema, sai farashin gidaje ya sake yin gaba ya bar mu. Ina jin ana cewa gwamnatoci na taimaka wa masu sayen gidan farko. Kyauta ce ko bashi? Sannan mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida, mu shida, ina da kaso a ciki duk da ban zauna a cikinsa ba tun da na yi aure. Wannan zai hana ni samu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, domin a nan na fi ganin mutane suna tuntuɓe. Tunda masu karanta wannan fili suna warwatse a ƙasashe da dama, zan ɗauko misalai daga wurare daban-daban.

Kowace gwamnati da ma'anar da ta ba "mai sayen gidan farko", kuma ba lallai ta dace da yadda ni da ke muka fahimta ba. A Amurka, a yawancin shirye-shirye, wanda ya shekara uku bai mallaki gidan da yake zaune a ciki ba ana ɗaukarsa sabon shiga, ko da ya taɓa mallakar gida a baya. A Kanada, asusun ajiyar gidan farko da aka buɗe a 2023 yana duba ko kin zauna a gidan da ke ko mijinki kuka mallaka a cikin shekarar da ake ciki da shekaru huɗu da suka gabace ta. Birtaniya ce ta fi tsanani. A asusunsu na ajiya mai suna Lifetime ISA, duk wanda ya taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya ya fita daga layi, kuma kason gado ma mallaka ce. Wato halin da kike ciki, wata ƙasar ta ce bismillah, wata kuma ta rufe ƙofa.

Na taɓa zama da wani ƙanen abokina yana cike irin wannan takarda. Da ya iso inda ake tambaya ko ya taɓa mallakar gida, sai ya sa biro zai ja "a'a" ba tare da ya ko ɗago kai ba. Na riƙe hannunsa na ce, gidan mahaifiyarku fa? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ai Yaya, ɗaki ɗaya ne kawai ya faɗo mini." A zuciyarsa ba ƙarya yake yi ba, shi bai taɓa ɗaukar ɗakin nan a matsayin gida ba. Amma takarda ba ruwanta da zuciya. In aka gano daga baya, za a karɓe tallafin, wani lokaci har da tara. Don haka ki fara tabbatarwa ko sunanki ya riga ya hau takardun gidan, ki kai wa lauya maganar kafin ki sa hannu a komai. Ki kuma tambaya ko ana haɗa ki da maigida wajen dubawa, domin a Ostireliya, misali, abin da ɗayanku ya taɓa mallaka yana shafar ku duka.

Batun kyauta ko bashi kuwa, akwai kowanne, kuma rashin rarrabe su shi ke sa mutum ya yi murna da abin da zai zame masa kaya.

Akwai kyauta tsagwaronta. Ostireliya ta fara ba masu sayen gidan farko dalar ƙasar 7,000 ranar 1 ga Yulin 2000, domin rage musu raɗaɗin sabon harajin kayayyaki da aka shigo da shi a ranar. Ba a mayar da wannan kuɗi, amma da sharaɗin za ki zauna a gidan da kanki na wani lokaci, ba ki saya ki zuba 'yan haya ba. Akwai kuma rangwamen harajin da ake biya wajen sauya sunan mai gida, wanda mutane kan raina alhali kuɗi ne mai kauri.

Akwai wanda gwamnati ke ƙara miki a kan abin da kika tara. A Lifetime ISA, wanda ke tsakanin shekara 18 da 39 zai iya buɗewa, ya zuba har fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora masa kashi 25 cikin 100, wato har fam 1,000. Irin wannan tsari shi na fi so ga irinku, in kun cancanta, domin yana saka wa mai haƙurin ajiya. Sai dai ki lura da ƙugiyar da ke ciki. Gidan kada ya wuce fam 450,000, kuma in kika cire kuɗin don wata buƙata dabam kafin ki cika shekara 60, za a yanke kashi 25 na duk abin da kika cire. Ki lissafa: kin zuba 4,000, an ƙara 1,000, sun zama 5,000. An yanke 1,250, saura 3,750. Ba ƙarin gwamnati kaɗai ya tafi ba, har da fam 250 na guminki.

Sai wanda ya fi ruɗa mutane, inda gwamnati ke tsaya wa mai saye a gaban banki domin a rage masa kafin alƙalami. A Amurka hukumar gidaje ta tarayya, wato FHA, wadda aka kafa tun 1934, tana ba da damar a fara da kashi 3.5 cikin 100 na kuɗin gida. Ina roƙonki ki riƙe wannan da kyau: banki ake karewa a nan, ba ke ba. In biya ya gagara, banki ba zai yi asara ba, amma ke gidan zai iya suɓuce miki. Kuma kuɗin inshorar da ke kare bankin daga aljihunki yake fita. Ƙaramin kafin alƙalami yana nufin babban bashi, babban bashi kuma yana nufin biya mai nauyi kowane wata har shekara 25 ko 30.

Na ƙarshe shi ne gwamnati ta shiga a dama da ita a kuɗin gidan. Shirin Help to Buy na Ingila, wanda ya gudana daga 2013 zuwa 2023, yana ba da rancen kashi 20 cikin 100 na kuɗin sabon gida, kashi 40 a Landan, ba ruwa a shekaru biyar na farko. Abin da za a mayar kuwa kaso ne na darajar gidan a ranar biya. Wanda ya sayi gidan fam 200,000 ya karɓi 40,000, in gidan ya kai 250,000 to 50,000 zai mayar.

Ni dai shawarata, ku zauna ke da maigida da takarda da biro, ku cire tallafin gaba ɗaya daga lissafi, ku ga ko za ku iya biyan watan-watan ko da albashin ɗayanku ya tsaya na wata shida. Ku haɗa da kuɗin lauya, da na mai duba lafiyar gini, da gyaran da yanzu mai gidan haya ke ɗauke muku. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ku nemi duk tallafin da kuka cancanta, haƙƙinku ne. In sai da tallafin yake tsayawa, ku ƙara haƙuri. Na san zafin zaman haya, na yi shi shekaru, amma na ga wanda aka fitar daga gidan da ya riga ya dasa bishiya a tsakar gidansa, ba na yi wa kowa fatan haka.

Tambaya: Malam, wani malaminmu ya ce wannan tallafi ƙara tsadar gidaje kawai yake yi. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malaminku yana da hujja, ƙanena. In aka ƙara wa masu saye kuɗi a hannu alhali gidajen ba su ƙaru ba, masu sayarwa za su ɗaga farashi, wani ɓangare na tallafin ya zarce aljihunsu. A watan Oktoban 2008 Ostireliya ta ninka nata zuwa dala 14,000 ga tsohon gida, 21,000 ga sabon gini, daga baya kuma jihohinta da dama suka taƙaita shi ga sabon gini kawai, don kuɗin ya haifar da ƙarin gidaje. A ganina wannan ya fi ma'ana. Amma ga mutum ɗaya da ke neman gida yau, ƙin karɓa ba zai sauko da farashi ba, sai dai ya shiga kasuwa hannu rabbana yayin da abokan takararsa suka karɓa.

Tambaya: Ni ba na son bashin da ke da ruwa. Zan iya cin moriyar irin wannan tallafi? Daga wani magidanci.

Amsa: Ya danganta da shirin, Alhaji. Da yawa suna sharɗanta a sayi gidan ta hannun banki ko cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Akwai cibiyoyin da ke haɗa hannu da mai saye su sayi gidan tare, yana biyan hayar kasonsu yana saye shi kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Ka nemi hukumar da ke kula da tallafin ta ba ka amsa a rubuce ko ta yarda da irin wannan tsari, tun kafin ka ba dillali ko sisi.