Me Ya Sa Jamusawa Ke Ɗari-ɗari da Wasannin Yaƙi na Kan Tebur?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jamus, shekarata biyu ke nan. Maƙwabtana sukan haɗu ranar Juma'a da daddare su yi wasannin kan tebur, kuma suna gayyatata. Rannan na kai musu wani da na saya ta intanet, na Yaƙin Duniya na Biyu, mai taswirar Turai da 'yan ƙananan tankoki na roba. Ina buɗe kwalin sai na ga fuskoki sun canza. Ba wanda ya yi mini faɗa, matar gidan dai ta ce mu yi wani daban, aka ɗauko na noma da ciniki. Doka ce ta hana, ko kuwa abin kunya na yi ban sani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Babu dokar Jamus da ta hana wasan yaƙi. Tsohon miki ka fama musu ba da saninka ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan nau'in wasa a gidansu aka raine shi. A 1824 wani matashin hafsan sojan Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, Georg von Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙira, wanda ake kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ana shimfiɗa taswira ta gaske a tebur, a jera 'yan gumakan dalma ja da shuɗi a matsayin runduna biyu. Kowane ɓangare ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa wa alƙalin wasa, shi ne zai motsa dakarun, ya jefa dayis irin na lido, ya faɗi wanda ya yi asara. Kowane zagaye daidai yake da minti 2 a fagen daga. Da shi aka riƙa horar da hafsoshi, kuma bayan Prussia ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayonsa.

To me ya faru? 1945 ce ta faru, shekarar da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba'amurke ko Baturen Ingila idan ya zauna gaban irin kwalin da ka kai, labarin nasarar kakansa yake tunawa. Shi kuwa Bajamushe, tankokin nan masu launin toka rundunar kakansa ce, wadda ta mamaye Poland a 1939, ta yi wa gwamnatin da ta hallaka Yahudawa miliyan 6 aiki. Ka ce masa ya ɗauki ɓangaren Jamus ya yi ƙoƙarin cin Mosko, ka ga kuwa ba ƙaramin abu ka roƙe shi ba. Sannan yaƙin bai gama fita daga ƙarƙashin ƙafafunsu ba. A watan Satumban 2017 sai da aka kwashe mutum kusan 60,000 daga gidajensu a Frankfurt saboda bam guda na Birtaniya da aka tono a wurin gini. Matar gidan da ta ce a canza wasa, mai yiwuwa ta taso tana jin kakarta na ba da labarin kwanan ɗakin ƙasa lokacin da ake ruwan bama-bamai.

Inda doka ta shigo wuri ne ƙayyadadde. Sashe na 86a na kundin hukunta laifuka ya haramta yaɗa alamomin 'yan Nazi ko nuna su a bainar jama'a, kuma hukuncin kan kai ɗaurin shekara 3 ko tara. An keɓe koyarwa, bincike, fasaha da bayar da tarihi, amma kamfanonin kayan wasa ba sa son su gwada sa'arsu. Shi ya sa idan ka sayi ɗan jirgin yaƙin Jamus na roba da ake harhaɗawa a kantin can, za ka tarar wutsiyarsa fayau, babu alamar suwastika ta 'yan Nazi a cikin takardar liƙe-liƙen. Duba kwalinka, idan akwai alamar a jiki, kada ka sa shi a kasuwa, kada kuma ka baje shi a wurin taro.

Akwai kuma hukumar kare yara daga rubuce-rubuce masu cutarwa, wadda aka kafa a 1954, kuma kambama yaƙi na cikin abubuwan da take sa wa ido. Labarin Risiko, wasan mamaye ƙasashen duniya a kan taswira, ya isa misali. A farkon shekarun 1980, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane ke cika Bonn suna zanga-zangar ƙin makaman nukiliya, aka sake wa katunansa lafazi: inda a da ake cewa ka ci nahiya kaza da yaƙi, aka koma cewa ka 'yantar da ita. Ni dai wannan gyara bai gamsar da ni ba, domin runduna ce dai ke shiga ƙasar wani ko da wane suna aka kira ta. Amma yana nuna maka yadda kalma ɗaya ke da nauyi a kunnensu.

Wannan ƙyamar ba ta kashe musu wasa ba, wata hanya ta buɗe musu. Yayin da kamfanin Avalon Hill na Amurka ya yi suna da wasannin yaƙi irin su Stalingrad da Afrika Korps, masu ƙirƙira a Jamus suka karkata ga gini, ciniki da tsere, inda ba a fitar da kowa daga wasa tun kafin a gama. Kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara, da aka fara bayarwa a 1979 da baje kolin wasanni na birnin Essen da ya soma a 1983 su suka ɗora wannan salo a kan turba. Catan, wanda Klaus Teuber ya fitar a 1995, gasa ce mai zafi, har ɗan fashi akwai a ciki, amma ba ka da ikon kai wa ƙauyen abokinka hari. Ina kyautata zaton irinsa aka ɗauko maka a daren nan.

Kada kuma ka ɗauka duk Jamusawa haka suke. Akwai masu sha'awar abin sosai, sai dai su kansu sun fi kiransa Konfliktsimulation, wato kwaikwayon rikici, don kauce wa kalmar yaƙi. A nan nake ganin wasu na yi musu rashin adalci, don wanda ya shafe awa shida yana fama da ƙarancin mai da abinci a kan taswirar Rasha yakan tashi da fahimtar haukan wannan mamaya fiye da wanda ya karanta shafi guda a makaranta. Yaƙin da ya yi nisa a tarihi kuwa ba ya tayar da hankali haka. Wallenstein na Dirk Henn, wanda ya fito a 2002, a kan Yaƙin Shekara 30 aka gina shi. Friedrich na Richard Sivél, na 2004, Yaƙin Shekara 7 ne. Dukansu Jamusawa ne suka ƙirƙira, a can kuma aka buga su.

Don haka idan kana son wasa mai dabarun yaƙi da maƙwabtanka, fara da ɗaya daga cikin waɗannan biyun, kuma ka faɗa musu abin da ke cikin kwalin tun ranar Laraba, kafin ka ɗauko shi. Naka na Yaƙin Duniya na Biyu ka adana shi sai ka sami ƙungiyar masu irinsa. Tambayi mai kantin wasanni na garinku, yawanci sun san inda suke haɗuwa. Matar gidan kuma ba sai ka ba ta haƙuri mai tsawo ba. Ka ce mata ba ka san abin yana da nauyi haka ba, idan ta so ta ba ka labarin danginta, ka zauna ka saurara.