Amsar tambayar gawar da aka tarar a ɗaki rufe

Assalamu alaikum jama'a. Malam, ka tambaya yadda za a yi mutum ya rasu a ɗaki rufe, a tarar da shi bayan watanni ya bushe maimakon ya ruɓe, har wasu a nan suna cewa sihiri ne. Babu wani sihiri a ciki, kuma rufe ƙofa ba shi ne ke busar da gawa ba.

Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma da zarar rai ya fita, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji sukan fara cin jikin daga ciki, shi ya sa bayan kwana ɗaya ko biyu ake ganin fatar mara ta ɓangaren dama ta yi kore, daga nan ciki ya kumbura da iska mai wari. Abin dubawa shi ne ko ruwan nan zai sami hanyar fita kafin ruɓa ta ci ƙarfin jikin. Idan ɗaki a toshe yake ruf a lokacin damina, danshin yana nan ba ya zuwa ko'ina, sai jiki ya narke. Idan kuwa hunturu ne, iska busasshiya na shiga ta ƙasan ƙofa, ƙuda kuma bai samu ya yi ƙwai ba, to yatsu da kunnuwa da leɓe ne za su fara ƙeƙashewa, fata ta yi duhu ta taurare kamar ƙirgi.

Misirawa sun ga wannan tun tuni. A Gebelein, wani wuri a kudancin Masar, an tono gawarwakin da aka binne cikin rairayi mai zafi fiye da shekara 5,000 da suka wuce, ba tare da an yi musu komai ba, ɗaya tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan har da gashin kanta. Da suka fara saka mamata cikin akwati, rairayi ya daina taɓa jiki, sai gawa ta riƙa ruɓewa, dole suka koma cire kayan ciki suna lulluɓe jiki da kanwa, dangin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, har wajen kwana 40. Ka ga ke nan akwatin ne ya ɓata musu aiki.

Saboda haka, Malam, ka fara tambayo mana a wane wata mutumin ya rasu, kuma ko tagar ɗakin tana da raga.